Ɓarawon da Ya Bar Notuna a Jere

Ranar Asabar da hantsi, Sufeto Yero Albashir yana zaune a ofishinsa a Bagudo yana fama da wayar da 'yarsa ta saya masa, wadda kwana tara ke nan ya kasa rage mata sauti, sai aka shigo masa da ƙorafi.

Shekara ashirin da uku yana aikin ɗan sanda. Ya bi sawun shanun sata har bakin kogi, ya raba manoma da makiyaya, ya taɓa kama ɓarawon jaki saboda jakin ya ƙi wuce ƙofar gidan ubangijinsa. Abu ɗaya ne bai taɓa roƙon Allah ya haɗa shi da shi ba, wato kwamfuta. Ita kuwa aka kawo masa.

Mai ƙorafin Alhaji Malami Sailuba ne, shugaban Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Alheri. Kafin ya zama shugaba ya shekara talatin yana kai kaya tsallaken iyaka a kan babur, kuma har yau ba ya yarda wani ya taɓa masa mashin. Ya ce ƙungiya ta sa an haɗa mata sabuwar kwamfuta ranar Alhamis don rubuta sunayen manoma da gonakinsu. Ranar Litinin za a yi bikin buɗe ta, shi ne zai danna maɓalli a gaban baƙi. Yau da safe ya leƙa ofis ya tarar an buɗe cikinta an yi sata.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

Alhaji ya juyo masa kunnen hagu. "Mi ka ce?"

"Na ce me aka sace?"

"Awo. Wani akwati na ciki. Ni ban san kanta ba, yallaɓai. Tun da anka haɗa ta ko kusa da ita ban tahi ba."

Sufeto bai gama rubuta wannan ba hayaniya ta cika harabar. 'Yan ƙungiya ne kusan goma suka tiso ƙeyar Zulkiflu, mai shagon gyaran kwamfuta na bakin tasha, wanda ya haɗa na'urar. Sun tare shi yana sauka daga babur da jakar kayan gyara a kafaɗa. Hujjarsu biyu ce: yana da makullin ofis, sannan mahaifiyarsa 'yar tsallake ce, ta ƙasar Benin. A wurinsu bincike ya ƙare, saura hukunci.

DPO ya leƙo, ya ƙirga kawunan mutane, ya ce a sa mai gyaran a bayan kanta kafin a yi masa illa. Ya ƙara da cewa in ba a sami wani bayani ba, Litinin da safe kotu. Sufeto ya san abin da wannan ke nufi. Mai gyara a gari irin Bagudo sunansa ne jarinsa. In aka kai shi kotu da sunan ya saci abin da ya haɗa da hannunsa, ko alƙali ya sallame shi, ko rediyo babu mai sake ba shi.

Ya ɗauki hula, ya kira Saja Bunyaminu, tsohon abokin aikinsa mai ƙaton ciki da ƙarancin magana, suka nufi ofishin ƙungiyar.

Ɗaki ɗaya ne da baranda. Ƙofa lafiya lau, kwaɗo ba a taɓa shi ba. A kan tebur ga allon kwamfutar sabo fil, ledarsa ma ba a gama ɓarewa ba. Ga baƙin akwatin a gefe, an cire murfin gefensa an jingine da bango. A ciki, ta sama, akwai wani gurbi da wayoyi ke reto.

Sufeto ya tsaya yana kallon allon. Ya tambayi Saja, in shi ne ɓarawo, me zai ɗauka. Saja ya nuna allon da haɓa.

"To ka gani. Wannan ya bar abin da ake gani, ya tsaya kwance abin da ba a gani."

Ya sunkuya, gwiwarsa ta yi ƙara. Wani wari ya doki hancinsa, irin na wayar wuta in ta ƙone, ya sha iska amma bai tafi ba. A gefen tebur kuma sai ya ga murfin gorar ruwa an kifa shi ta baya, an jera notuna shida a ciki, manya a gefe ɗaya, ƙanana a ɗaya gefen. Kusa da su, a bakin tebur, an manna wani guntun baƙin salatif kamar wanda aka ajiye don a dawo a ɗauka.

"Saja, ka taɓa ganin ɓarawon da ke tsoron noti ya ɓace?"

"Sai bakanike, yallaɓai."

Wannan bai yi wa Sufeto daɗi ba, don Zulkiflu ma ai bakanike ne, na kwamfuta. Ya ɓare salatif ɗin ya manna a bangon littafinsa.

Sakatariyar ƙungiyar, Malama Surayya Safi, tana tsaye a baranda ta harɗe hannu. Ita Zulkiflu ya koya wa sarrafa na'urar. Ta ce makulli uku ne: nata, na Alhaji, da wanda aka ba mai gyara. Ta ce tun Alhamis da la'asar da ta kashe janareta ta rufe ofis, babu wanda ya sake shiga. Ta faɗi haka tana kallon takalmanta.

Sufeto ya ga alamar gam a bango saitin tebur, kusurwa huɗu, babu takarda. Ya tambaya. Ta ce kalanda ce ta faɗi. Ya ce kalandar ƙanƙanuwa ce ke nan. Ta ce e, ƙanƙanuwa ce.

Ya bar ta ya zaga baya inda janareta yake a ƙarƙashin rumfa. Ya girgiza shi, man ciki ya yi ƙasa. Ya duba makullin mai, ɗan famfon nan da ke ƙarƙashin tanki, ya tarar an murɗe shi tam.

"Malama, in kin kashe janareta kina rufe mai?"

Ta yi ɗan murmushin da bai kai zuci ba. Ta ce ita ko inda yake ba ta tunawa, kullum sai Baba Alhaji ya yi mata faɗa a kai, yana cewa injin da ba a rufe wa mai ba, ba a kashe shi ba, barci kawai yake yi. Tana gama faɗin haka ta kama bakinta.

"Ranar Alhamis kin rufe?"

"Wataƙila na rufe."

"Wataƙila," in ji Sufeto, ya rubuta kalmar ya ja mata layi biyu.

Tsallaken titi akwai teburin Sufyan mai shayi. Sufeto ya sani tun da daɗewa cewa mai shayi ya fi ofishinsu samun rahoto, bambancin kawai shi ba ya rubutawa. Ya zauna ya ce a haɗa masa ba madara.

Sufyan ya rantse bai ga komai ba. Bai ga kowa ba. Shi tukunyarsa yake kallo. Sai da Sufeto ya kai rabin kofi sannan ya tuna cewa jiya bayan Juma'a ya ji janaretan ƙungiya ya yi kamar rabin awa. Yau ma da sassafe, rana ta ɗan fito, ya sake jin an tayar. Bai yi minti biyar ba sai ya ji tau, kamar tayar babur ta fashe. Janareta ya ɗauke. Daga nan shiru.

"Wa ya fito?"

"Yallaɓai, ni ruwan zafi nika zubawa."

"Babur wa ka gani a ƙofa?"

"Babura duk kamarsu ɗaya."

Sufeto ya ajiye kofin da ɗan ƙarfi. A garin nan yaro ɗan shekara biyar yana gane mai babur da jin ƙarar salansa tun daga ƙauyen Matsinkai, amma yau babura sun zama kamarsu ɗaya. Ya gane cewa wanda ake rufa wa asiri ba mai gyaran bakin tasha ba ne. Mai gyara babu wanda zai yi ƙarya don shi.

Da azahar ya sa aka fito da Zulkiflu. Mutum ne siriri, shekarunsa za su yi talatin da biyar, idonsa ya yi ja. Sufeto ya tambaye shi inda yake da safe. Ya ce yana nan kusa, a ƙauyen Sharabi, wurin ƙanwarsa. Sufeto ya zazzage jakarsa a kan tebur, ya ɗago wata leda mai rubutun Faransanci, da ragowar burodin nan dogo mai tauri.

"A Sharabi ake gasa wannan?"

Zulkiflu ya sunkuyar da kai. Ya ce tun Juma'a da safe ya tsallaka iyaka sayen kayan gyara, a can ya kwana gidan kawunsa, ya dawo ta hanyar gona. Tsoro ya ji kada a ƙara masa wani laifin.

"Kai kana bakin rijiya, kana ɓoye mini igiya," in ji Sufeto. "Kowa a garin nan ya rantse yau sai ya yi mini ƙarya. To bar wannan. Me aka cire daga cikin abin nan?"

Ya ce akwatin wuta ne, wanda ke karɓar wuta daga bango ya raba wa sauran kayan ciki daidai ƙarfinsu. Ya ce a duk abin da ke cikin na'urar shi ne mafi araha, ɓarawon da ya san kwamfuta ba zai kalle shi ba.

Sufeto ya ce ya bayyana masa yadda ake kunna ta da kashe ta, a hankali, kamar yana yi wa kakarsa bayani. Zulkiflu ya ce ai ya rubuta komai a takarda da manyan baƙaƙe ya manna a bango. A fara tayar da janareta a bar shi ya daidaita. A kunna soket, a kunna sitabilaiza, a danna baƙin maɓalli na bayan akwati, sannan allo, sannan na gaba. Wajen kashewa kuwa ba a fizge waya, ba a kashe janareta a kanta. Daga kan allo ake sallamarta, a jira fankar ciki ta yi shiru, sannan a bi sauran a koma da baya.

"Shi ke nan?"

"Sai ja. Na rubuta a ƙasa: kada a taɓa jan."

Ya ce a bayan irin wannan akwatin wuta akwai wani ɗan jan maɓalli da ya shige ciki, sai da tsinin makulli ake iya tura shi. Na ƙasashen da wutarsu rabin tamu ce. In aka tura shi sannan aka ba ta wutarmu, take akwatin zai fashe. Shi ya sa ya rufe shi da baƙin salatif.

Sufeto ya buɗe littafinsa ya nuna masa bango. Zulkiflu ya daɗe yana kallon guntun salatif ɗin, sannan ya ce a hankali, nasa ne.

"In mutum yana kusa lokacin da ya fashe fa?"

"Ba ya kisa. Amma in kansa na kusa, kunnensa zai yini yana kuka."

Sufeto ya jingina da kujera ya rufe ido. Tun safe yake maimaita wa mutum ɗaya magana sau bibbiyu, yana ɗora laifin a kan tsufa. Ya tambayi Zulkiflu ko yana da wani akwatin wuta irin wancan a shago. Ya ce akwai ɗaya.

Lahadi bayan la'asar aka taru a ofishin ƙungiya. 'Yan kwamiti sun cika baranda, Sufyan, wanda jiya bai ga komai ba, ya baro tukunyarsa ya tsaya a taga. Alhaji Malami yana kan kujerar shugaba da babbar riga. Zulkiflu, Saja na tsaye a kansa, ya ɗaura sabon akwatin ya mayar da murfi.

Sufeto ya ce shi jahili ne a wannan fanni, yana so a nuna masa yadda abin ke aiki don ya san abin da zai rubuta wa kotu. Surayya ta tayar da janareta, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Fanka ta ɗauka, allo ya kawo haske. Wasu a baranda suka yi salati. Sannan ta sallame ta daga kan allo, aka yi shiru ana sauraro har fankar ta tsaya, ta kashe na baya, ta kashe sitabilaiza, ta kashe soket.

"To, bari in gwada da kaina," in ji Sufeto. "In ɗan sanda ya iya, kowa ma zai iya."

Ya zaga bayan tebur ya tsuguna inda kowa ke ganin hannunsa. Ya zaro makullin babur ɗinsa daga aljihu. Ya ce shi a saninsa kowane inji yana da makullin mai, bari ya buɗe wa wannan nata kafin ya tayar. Ya kai tsinin makullin saitin ɗan jan maɓallin.

"Kak ka taɓa jan nan!"

Alhaji ne. Ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi, tafin hannunsa a kan kunnen dama.

Sufeto ya mayar da makullin aljihu. Ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe, saboda gwiwa.

"Alhaji, jiya ka ce ko kusa da ita ba ka je ba. Daga inda kake zaune ba a hango bayanta. Wa ya gaya maka ja ne?"

Wannan karon Alhaji bai ce "mi ka ce" ba. Ya dubi baranda, ya dubi Surayya, ya dubi ƙasa. Saja ya tayar masa da kujera ya zauna.

Ya ce tsoron Litinin ne ya ja masa. Mutum ya shekara sittin da biyar ana girmama shi, a ce ya tsaya gaban baƙi yana lalube kamar makaho. Shi ya sa ya zo ranar Juma'a shi kaɗai don ya gwada. Takardar bango ya cire ya sa a aljihu, don gilashinsa na gida, da niyyar ya karanta daga baya. Kunnawa ba ta ba shi wahala ba. Kashewa ce ta gagara. Ya danne maɓallin gaba har ta mutu, ya je ya kashe janareta ya rufe masa mai, ya dawo ya tsaya yana kallon na'urar, ransa bai kwanta ba.

"Shekara talatin ban taɓa barin inji ya kwana da mai a buɗe ba, yallaɓai. Na duba, na duba, sai na ga abu an ɓoye shi da salatif. Na ce to ga shi nan, yaron ga ya manta bai nuna muna ba."

Ya tura shi da makullin babur ya tafi gida da kwanciyar hankali. Asabar da safe ya dawo don ya ɗumama ta, kamar yadda ake ɗumama mashin. Ya manta bai mayar da jan ba. Ya kara kunnensa a bayanta don ya ji tashin injin, ya danna baƙin maɓalli.

"Ina akwatin?"

Ya ce yana cikin buhu a gidansa. Ya kwance shi ne don ya kai wa mai naɗin wayar injin ban ruwa ya gyara kafin Litinin. Yana cikin ɗaure buhun a babur sai ga ma'ajin ƙungiya ya leƙo ya ga ciki a buɗe, ya tambaya. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce sata aka yi.

"Ni ban ambaci sunan kowa ba," in ji shi.

"Ba ka ambata ba," in ji Sufeto. "Kana zaune a ofishina aka shigo da shi ana ja masa riga. Kana da baki a lokacin. Kunne ne ya lalace."

Surayya ta fara kuka a hankali. Ta ce tun da ta ga babu takarda, ta ga an rufe mai, ta gane. Amma Baba Alhaji ne ya tsaya mata ta sami aikin, ta rasa ta inda za ta fara.

Sufeto ya juya ga baranda. Ya tambaya su wane ne jiya suka kamo ɓarawo. Kowa ya sami abin kallo a rufin kwano. Ya ce to tun da suna da ƙafar rakiya, su raka Zulkiflu har ƙofar shagonsa, ta cikin tasha, a ƙasa, kuma duk wanda ya tambaye su abin da ya faru su gaya masa da irin muryar da suka yi amfani da ita jiya.

Alhaji ya matso kusa da mai gyaran. Zulkiflu ya rataya jakarsa. Ya zaro salatif daga aljihunta, ya yanki guntu da haƙori, ya rufe jan maɓallin, ya ƙara wani a kai. Sannan ya ce, "Baba, da ka kira ni, da na zo na koya maka mu biyu, ba mai ji." Ya fita, 'yan kwamiti suka bi bayansa kamar masu rakiyar ango.

Sufeto ya gaya wa Alhaji cewa zai bi su ofis ya amsa laifin kai rahoton ƙarya, a biya ta gidansa a ɗauki buhun. Alhaji ya roƙi a bar shi ya hau mashin ɗinsa. Aka ce a'a, Saja zai goya shi. Ya gyaɗa kai. Da suka zo wucewa ta gefen mashin ɗin a ƙofa, ya ce a yi masa haƙuri minti ɗaya. Ya tattare babbar riga, ya sunkuya, ya murɗe makullin mai. Saja ya dubi Sufeto. Sufeto ya ɗaga masa hannu ya bar shi.

Da suka isa ofis, Saja ya shige da Alhaji ciki. Sufeto ya kafe nasa babur a gindin dalbejiya, ya zare makulli, ya yi taku uku. Sai ya tsaya. Ya waiwaya hagu da dama ya ga babu mai kallonsa, ya koma ya sunkuya ya rufe mai.

A aljihunsa wayar 'yarsa ta ɓarke da kuka, har masu gadin ƙofa suka juyo. Ya zaro ta yana jujjuyawa. A gefenta akwai wani ɗan maɓalli da bai taɓa gwadawa ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya mayar da ita aljihu tana ta kukanta, ya shiga rubuta rahoto da biro.